Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: yadda ciwon daji ke gagarar sababbin magunguna

A shekarar 2011, wasu masu bincike na birnin Boston a ƙasar Amurka suka buga hotuna uku na wani mutum mai shekara 38 da ke jinyar dajin fata. Hoton farko ba ya kalluwa: ƙirjinsa da kafaɗarsa da damtsensa duk sun cika da kumburi, kamar an cusa ƴaƴan goriba ƙarƙashin fata. A hoto na biyu, wanda aka ɗauka mako 15 bayan ya soma haɗiyar wani sabon magani, jikin ya koma sumul, sai ka rantse wani mutum ne dabam. Hoto na uku kuwa an ɗauke shi a mako na 23. Kumburin ya dawo, kusan kowane a gurbinsa na da, alhali mutumin yana ci gaba da shan maganin. Ƴan makonni bayan haka ya rasu.

Mai karatu zai yi tambayar da likitocin suka yi wa kansu: me ya faru tsakanin hoto na biyu da na uku? Maganin dai ba jabu ba ne, domin kuwa ya yi aikin da ba a saba gani ba a wannan ciwo, kuma a shekarar nan ta 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan vemurafenib. Ciwon ne ya daina jin magani. Mu nan ƙasar wannan magana ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya tashi a shekarun 1990 ya san ɗacin nibakin, ya kuma ga zamanin da mutum zai sha ta har jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi amma masassara ta ƙi sauka, har dole ta sa aka sake magani a tsakiyar shekarun 2000.

Idan ana hira a kan wannan al'amari, har a bakin wasu likitoci, sai ka ji an ce ciwon daji wayo gare shi, yana koyon magani, yana sake dabara. Magana ce mai daɗin faɗi, amma a ganina tana ɓatar da mutane. Ƙwayar daji ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta ma san ana yaƙi da ita ba. Abin da ke gare ta yawa ne da kuskure, kuma waɗannan biyun sun ishe ta.

Littafi da mai kwafe shi

Jikin babban mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kimanin miliyar dubu 30. In aka cire jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace tana ɗauke da littafin gado, wanda masana ke kira ADN. Da haruffa huɗu kawai aka rubuta shi, amma tsawonsa ya kai harafi miliyar 3 daga uwa, miliyar 3 daga uba, ɗaure cikin kundi 46 da ake kira kuromozom. Kowane babi na littafin umarni ne na ƙera wani ma'aikaci, wato furotin. Wani yana gini, wani yana shara, wani kuma aikinsa ya ce wa ƙwaya ta rabu biyu ko ta dakata.

Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafe littafin gaba ɗaya domin kowace ɗiya ta samu nata. Wanda ya taɓa ganin malami yana kwafar littafi da hannu ya san komai ƙwarewarsa wata rana alƙalami zai zame. Haka ƙwaya: a kowace rabuwa takan yi kuskure a ƴan haruffa kaɗan. Mafi yawan kurakuran ba su da wani tasiri. Amma idan kuskuren ya faɗa kan babin ma'aikacin da ke ba da umarnin rabuwa, har ya bar shi yana ta kira ba dakatawa, to an kama hanyar ciwon daji.

Tsohon maganin da aka sani, wanda a asibiti ake ce wa shimiyo, yana kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, ta ciwo da ta lafiya, shi ya sa gashi ke zubewa, amai ya yi yawa, jini ya ragu. Sababbin magungunan da muke magana a kansu, masu saiti, suna neman wannan gurɓataccen ma'aikaci guda ne su rufe masa baki, su bar sauran jiki. Nan ne alherinsu yake, nan ne kuma rauninsu, domin maganin da ke riƙe da ciwo ta wuri guda, da wurin ya sauya ya sake shi.

Labarin Glivec

Babu inda aka ga wannan a fili kamar a wani dajin jini da Faransawa ke kira leucémie myéloïde chronique, wanda ke sa ɓargo ya yi ta haifar fararen ƙwayoyin jini ba iyaka, saifa ta kumbura har ta cika ciki. A 1960, a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford suka lura cewa ɗaya daga cikin kuromozom na masu wannan ciwo ya fi yadda ya kamata gajarta. Sai a 1973 Janet Rowley, ta jami'ar Shikago, ta gano dalili: kundi na 9 da na 22 ne suka yage suka yi musayar guntaye. A wurin ɗinkin, babi biyu da ba su da dangantaka suka manne, suka haifi wani ma'aikaci da babu shi a jikin mai lafiya, ana kiransa BCR-ABL. Aikinsa guda ne dare da rana: gaya wa ɓargo ya haihu.

To wannan ma'aikaci ba ya aiki sai da mai, kamar injin niƙa. Man nasa wani sinadari ne da ake kira ATP, kuma akwai wani ɗan gurbi a jikinsa inda man ke shiga. Masu bincike na kamfanin Ciba-Geigy a ƙasar Suwis, wanda daga baya ya zama Novartis, ƙarƙashin Nicholas Lydon, suka ƙera wani sinadari da ke shiga wannan gurbi ya zauna daram, kamar karyayyen makulli cikin kwaɗo. Wani likita a jihar Oregon, Brian Druker, shi ya nace sai an gwada shi a jikin marasa lafiya, aka kuwa soma a 1998. Cikin mutum 54 da suka samu isasshen awo, 53 jininsu ya koma daidai, yawanci cikin wata guda. A watan Mayu na 2001 aka amince da maganin, imatinib, wanda ake sayarwa da sunan Glivec. Ciwon da a da yakan kashe mai shi cikin ƴan shekaru ya zama abin da ake rayuwa da shi: a babban gwajin da aka bi shekara da shekaru, fiye da 8 cikin 10 na masu shan sa suna raye bayan shekara 10.

Jaridu suka yi ta guɗa, wasu har suna cewa ƙarshen ciwon daji ya zo. Amma tun kafin guɗar ta lafa, likitocin da ke kula da waɗanda ciwonsu ya riga ya yi nisa sun ga wani abu dabam. Su ma maganin yakan tashe su, sai dai bayan ƴan watanni ciwon ya dawo. A 2001 ɗin, ɗakin binciken Charles Sawyers a Los Anjalas ya duba jinin irin waɗannan mutane, ya samu amsa iri biyu. A jikin uku daga cikinsu, ƙwayoyin daji sun kwafe babin BCR-ABL sau da yawa, ma'aikatan suka yi wa maganin yawa, ya toshe wasu, sauran suka ci gaba da aiki. A jikin shida kuwa, harafi guda tak ne ya sauya.

Ya kamata mu tsaya kan wannan harafi, domin ya zama sananne a duniyar likitoci. Furotin kamar zaren duwatsun ado yake, an jera shi da duwatsu iri 20. Dutse na 315 a jikin wannan ma'aikaci yana zaune ne daidai bakin gurbin, har masana suna ce masa mai gadi. A yadda aka saba, dutsen ƙarami ne, sunansa treyonin, kuma da shi maganin ke kamawa idan ya shiga. Sauyin harafin nan guda ya sa aka jera wani dutse mafi girma a wurin, izolosin. Maganin ya rasa abin kamawa, ya kuma rasa hanyar wucewa, amma man injin yana shiga abinsa. Wannan shi ne T315I. Daga baya an ƙidaya irin waɗannan sauye-sauye kusan ɗari a kewayen gurbin.

Daga nan aka shiga tsere. A 2006 aka fito da dasatinib, a 2007 nilotinib, dukansu suna cin mafi yawan sauye-sauyen da suka gagari Glivec, amma mai gadi ya tare su su ma. Sai a ƙarshen 2012 aka samu ponatinib, wanda aka ƙera shi siriri a daidai wurin domin ya raɓa ta gefen babban dutsen. Ya yi aiki, amma da tsada a jiki: a 2013 an dakatar da sayar da shi na ƴan watanni a Amurka saboda yana toshe wa wasu jijiyoyin jini. An kuma samu marasa lafiyar da ƙwayoyinsu suka haɗa sauyi biyu a babi guda, suka gagari shi ma. A 2021 aka amince da asciminib, wanda ya bar wancan gurbi gaba ɗaya, ya je ya kama ma'aikacin ta wani lungu dabam.

Wa ya riga wani, magani ko sauyi?

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci. Shin maganin ne ke sa harafin ya sauya, ko kuwa ya tarar da shi a sauye? Tun 1943 Salvador Luria da Max Delbrück suka amsa irin wannan tambaya a kan ƙwayoyin cuta na bakteriya. Sun nuna cewa waɗanda ke tsira daga abin da ke kashe ƴan'uwansu sun riga sun samu sauyin bisa tsautsayi, tun kafin su haɗu da makashin. Makashin share fage kawai yake yi musu.

Lissafin ciwon daji ma haka yake. Kumburi mai faɗin santimeta guda, kamar ƙwayar gujiya, wanda da ƙyar hoton asibiti ke kama shi, yana ɗauke da ƙwayoyi tsakanin miliyan ɗari da miliyar guda. Kafin su kai wannan yawa an kwafe littafin sau miliyoyi ɗaruruwa, kowane kwafe da ɗan kuskurensa. Wanda ciwo ya bazu a jikinsa kuwa yana ɗauke da ninkin wannan sau ɗari ko dubu. A cikin irin wannan taro, da wuya a rasa ƴan ƙwayoyin da alƙalami ya zame musu daidai kan harafin da zai tare magani. Kafin a soma jinya ba su da wani fifiko, tsiraru ne a cikin taro. Ranar da magani ya kashe sauran, sai gona ta zama tasu su kaɗai.

An tabbatar da haka a jikin mutane. A 2012 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Baltimo suka bi jinin masu dajin babban hanji da ake yi wa wata allura mai saiti, panitumumab. Cikin mutum 24 da a farko ba a ga sauyin da ke hana allurar aiki a kumburinsu ba, 9 sauyin ya bayyana a jininsu, yawanci bayan wata 5 zuwa 6. Da aka yi lissafin saurin yaɗuwarsa aka koma baya, sai aka ga cewa ƙwayoyin suna nan tun kafin allurar farko, ƙanƙantarsu ce ta ɓoye su. Watannin nan biyar ko shida lokacin da tsirarun ke buƙata ne kawai su hayayyafa su cika gurbin waɗanda suka mutu. A shekarar dai, a Landan, Charles Swanton da abokan aikinsa suka yanki kumburin ƙoda wuri-wuri suka karanta littafin kowane yanki. Kusan kashi biyu cikin uku na kurakuran da suka samu ba a dukan yankunan suke ba. Ke nan ɗan abin da likita ya tsakuro da allura domin awo labarin unguwa guda yake bayarwa, ba na gari duka ba.

Wannan ne ya bayyana abin da ya rikita mutane game da Glivec. Wanda aka gano ciwonsa da wuri, kuskure guda ne ke tuƙa ciwon, ƙwayoyin kuma ba su riga sun rarrabu iri-iri ba, shi ya sa magani guda ke riƙe shi shekara 20. Wanda ya zo a makare, taronsa ya yi yawa, ya kuma bambanta. Dajin huhu da na fata da na hanji kuwa, yawancinsu sai sun tara kurakurai masu ɗimbin yawa kafin a gan su. Glivec ya yi sa'ar abokin gaba ne, aka ɗauka kowane daji haka zai kasance.

Hanyoyin kewaye

Sauya bakin gurbi hanya guda ce kawai. Mu koma ga mutumin hotunan nan uku. A cikin ƙwaya umarnin rabuwa yana sauka ne hawa-hawa, kamar daga sarki zuwa mai gari zuwa mai unguwa. A kusan rabin masu irin dajin fatarsa, ma'aikacin da ake kira BRAF ne ya gurɓace, shi ne kuma maganin ya rufe wa baki. Da aka karanta littafin kumburin da ya dawo, sai aka tarar da sabon kuskure a jikin na ƙasa da shi, MEK, wanda ya koma ba da umarni da kansa ba tare da jiran na sama ba. Maganin yana nan riƙe da mai gari gam, mai unguwa ne ya ƙwace gari.

Dajin huhu ya nuna wasu hanyoyin. A 2004 aka gano cewa masu kuskure a babin EGFR, waɗanda da yawansu ba su taɓa shan taba ba, suna samun sauƙi mai ban mamaki da gefitinib. Sauƙin yakan ɗauki kimanin shekara guda. A 2005 aka gano cewa a kusan rabin waɗanda ciwonsu ya dawo, mai gadin ƙofa ne ya sauya, T790M, tagwayen na dajin jini. Aka ƙera osimertinib dominsa, aka amince da shi a 2015, kuma da aka gwada ba da shi tun farko ya riƙe ciwon kimanin wata 19, inda tsofaffin suka riƙe shi wata 10. Shi ma daga baya dutse na 797, inda yake mannewa, yakan sauya. A wasu marasa lafiyar kuwa EGFR yana nan a toshe, amma ƙwayar ta yawaita wani ma'aikaci dabam, MET, wanda ke isar da saƙon ta wata hanya. Duk wanda ya san iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina ya san shingen duwan a kan kwalta ba ya hana kaya shiga ta daji. Akwai ma waɗanda, abin mamaki, dajin nasu ke rikiɗa ya koma wani irin dajin huhu dabam, mai ƙananan ƙwayoyi, wanda babu ruwansa da EGFR.

Wani lokaci ma ba a buƙatar sabon kuskure. An ba masu dajin hanji da ke da gurɓataccen BRAF maganin nan na dajin fata, ana zaton za a ga abin da aka gani, sai ya yi aiki a kusan mutum 1 cikin 20 kacal. A 2012 René Bernards da mutanensa a Amstardam suka gano dalili. A ƙwayar hanji, da zarar an rufe bakin BRAF, sai wani linzami da ke danne EGFR ya saki, EGFR ya farka ya ci gaba da kira. Tsarin ƙwayar ne haka tun asali. Daga wannan bincike aka samu haɗin magani biyu masu toshe wuraren biyu tare, wanda aka amince da shi a 2020.

Hanya ta ƙarshe ita ce barci. Manoman fadama sun san gaiwa, wadda idan tabki ya ƙafe takan shige laka ta kwanta har ruwa ya dawo. A cikin kumburi akwai ƴan ƙwayoyin da idan magani ya zo sukan daina rabuwa su yi lamo, ba su mutu ba, ba su kuma sauya harafi ba. Likitocin Faransa sun gwada wannan a fili. A wani gwaji da François-Xavier Mahon na Bordo ya jagoranta, wanda aka buga a 2010, an dakatar da Glivec ga mutanen da aka yi aƙalla shekara biyu ba a ga alamar ciwon a jininsu ba ko da awo mafi ƙwari. Kusan 6 cikin 10 ciwon ya sake bayyana, yawanci cikin wata shida, kuma da aka mayar musu da maganin ya sake kama shi. Sauran 4 suka zauna lafiya ba magani. A nan dole in rage wa maganata ta farko kaifi: a 2016 an nuna a Boston cewa irin waɗannan masu barci, idan suka daɗe ƙarƙashin magani suna ɗan motsi, su ma alƙalami kan zame musu daga baya su samu sauyin da babu shi a farko. Ke nan wani sauyin ya riga magani, wani kuma a bayansa yake zuwa. Amma ko a nan tsautsayin kwafe ne, ba koyo ba.

Abin da likitoci ke yi

Idan matsalar lissafi ce, maganinta ma lissafi ne, kuma masu jinyar tarin fuka sun riga kowa saninsa. Dalilin da ya sa ake ba mai tarin fuka magani huɗu a haɗe a watanni biyu na farko, ake kuma ba mai sida magani uku tun 1996, shi ne wannan: a ce ƙwaya guda cikin miliyan tana gagarar magani na farko, guda cikin miliyan kuma tana gagarar na biyu, to wadda za ta gagari duka biyun guda ce cikin miliyan sau miliyan. A dajin fata an haɗa mai toshe BRAF da mai toshe MEK tun 2014, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka soma musu da haɗin suna raye bayan shekara 5, a ciwon da a da ba ya barin mutum ya cika shekara idan ya bazu. Sai dai lissafin ba ya fita daidai kullum. Ƙwayar tarin fuka baƙuwa ce a jiki, ana iya yi mata taron dangi. Ƙwayar daji ɗiyar jiki ce, ma'aikatan da ake toshewa suna aiki a fata da hanji da zuciya, kuma magani uku a haɗe sau da yawa ya fi ƙarfin mara lafiya. Bayan haka, kuskure guda kan iya tare magani biyu a lokaci ɗaya.

Akwai masu wani ra'ayi dabam, wanda suka aro daga noma. A Amurka, manomin da ya shuka masara ko auduga mai kashe tsutsa, doka ta tilasta masa ya bar wani ɓangare na shukar da ba ta kashewa, domin tsutsotsin da ba su da juriya su rayu su hana masu juriya mamaye gona. Robert Gatenby, na wata cibiyar daji a Tampa ta jihar Florida, ya ce a gwada haka a jiki: kada a kashe masu jin magani duka, a bar wasu su yi gasar abinci da wuri da masu gagara. A wani ɗan gwaji kan dajin furostat da aka buga a 2017, ana dakatar da magani idan awon jini ya sauka zuwa rabi, a mayar idan ya hau. Mutanen sun sha kusan rabin maganin da aka saba, ciwon kuma ya jima bai gagara ba. Amma mutum 11 ne kawai a rahoton farko, ana kuma auna jininsu a kai a kai. Dabara ce da ake kan gwadawa, ba izini ba ne ga kowa ya riƙa sha yana bari.

Na faɗi haka ne domin a dajin jini an auna abin da tsallake magani ke jawowa. A asibitin Hammersmith na Landan an ba mutum 87 Glivec cikin kwalba mai murfin da ke rubuta duk lokacin da aka buɗe ta. Sakamakon ya fito a 2010. Waɗanda ke shan fiye da kashi 90 cikin ɗari na maganinsu, fiye da 9 cikin 10 ciwonsu ya sauka ƙasa sosai. Waɗanda ke tsallake kwana uku ko fiye a wata kuwa, ba su kai 3 cikin 10 ba. Dalilin a fili yake: duk ranar da babu magani a jini, ƙwayoyin da suka rage suna rabuwa, kowace rabuwa kuma sabon kwafe ne.

A nan ne labarin ya taɓo mu. A Afirka wannan dajin jini yakan bayyana ga masu shekara 40 ko ƙasa, ba kamar Turai ba inda ya fi kama waɗanda suka haura 60, kuma sau da yawa mara lafiya ba ya isa asibiti sai saifa ta sauko har cibiya, domin a ƙasar masassara kumburin saifa ba ya tayar wa kowa hankali da wuri. Wato yana zuwa ne da taro mai yawa. Maganin kansa ya samu isowa: tun farkon shekarun 2000 kamfanin Novartis da gidauniyar Max ta birnin Siyatil suka soma raba Glivec kyauta a ƙasashe kusan 80, ciki har da ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, a Najeriya ta hannun asibitin jami'ar Ile-Ife tun 2003. A 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib cikin jerin magungunan da bai kamata kowace ƙasa ta rasa ba. Amma kyautar magani ba ta biyan kuɗin mota, kuma wanda ke tafiyar kilomita ɗaruruwa domin karɓar rabonsa, idan kuɗi ya yanke ko aikin gona ya riƙe shi, tsallaken da murfin kwalbar Landan ya ƙidaya shi ne zai same shi ba da son ransa ba.

Sa'an nan ga batun awo. Ƙa'ida ita ce a auna yawan BCR-ABL a jini kowane wata uku a farkon jinya, domin a ga hawansa tun kafin mara lafiya ya ji wani abu a jikinsa, a sake magani da wuri. Na'urar GeneXpert, wadda aka baza a asibitocin Afirka domin gano tarin fuka, tana iya wannan awo cikin ƴan sa'o'i idan aka sa mata kwanson da aka yi dominsa. Sai dai yawan ciwon kawai take faɗi. Sanin ko dutse na 315 ne ya sauya, wanda shi ne zai nuna ko dasatinib zai yi amfani ko kuwa sai ponatinib, aikin wata na'ura ce mai karanta littafin harafi-harafi. Ga ƙasashen da ba su da ita, gidauniyar Max da ɗakin binciken Jerald Radich na cibiyar Fred Hutchinson sun fito da wata hanya: a ɗiga jinin mara lafiya kan wata takarda ta musamman, a bar shi ya bushe, a sa a ambulan, a aika Siyatil ta gidan waya.